GASHIN KWAMFUTA BA GYARA BA NE

Da farko ina gode wa editan wannan mujalla tamu da ya ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na san waɗansu za su ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da hanjin kwamfuta, ai kamata ya yi ya tsaya ga karin waƙa da ginin jimla. To, abin da ya haɗa manomi da fartanya shi ya haɗa mu. Yau babu ɗalibin da zai kai ƙarshen karatunsa a jami'a ba tare da kwamfutar tafi-da-gidanka ba, ko tasa ko ta aro. Tun da haka ne kuwa, ranar da ta mutu magana ta zama tamu, ko mun so ko mun ƙi.

Bari in fara da abin da ya faru gare ni, domin gani ya kori ji. Sa'ad da na shiga aji uku, mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu, yayana ya cika sauran, na je kasuwa na sayi kwamfuta ta gwanjo. Mai shagon ya rantse mini ta Turai ce, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa kwancewa a jikinta ba. Ta yi wata biyu tana aiki lafiya lau. Ran nan cikin zafin watan Afrilu, ina zaune ina rubuta hirar da na ɗauko daga bakin tsofaffin garinmu a kan waƙoƙin niƙa, sai na ga waɗansu layuka kore da ja sun tsaga fuskar kwamfutar daga sama har ƙasa. Na kashe na kunna, suka ɓace. Kashegari suka dawo da 'yan rakiya, ƙananan murabba'ai kamar zanen tabarma. A rana ta uku fanka tana juyawa, fitila tana ci, amma fuska baƙa ƙirin.

Na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara da abokai suka yi mini kwatance. Da ya buɗe ta na ji ya ce wa yaronsa, "Wannan ta taɓa shan wuta." Ban gane abin da ya ke nufi ba a lokacin. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, girafik ne, amma ka kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani." Ya jawo wani abin hura iska mai zafi da su ke kira bulowa, ya saita bakinsa a kan wani ɗan baƙin murabba'i da ke jikin allon cikin kwamfutar, ya yi ta zagayawa kamar mai babbakar kan rago. Ba a yi minti goma ba ya bar ta ta huce, ya harhaɗa, ya danna. Sai ga haske! Na biya naira 15,000 ina ta sa masa albarka. Kwana 19 ta yi ta sake mutuwa. Na koma ya sake gasawa, ta yi kwana 6. A karo na uku allon ya yi launin ƙanzo, yana warin ƙonannar roba, bai sake motsi ba. Mutumin nan ya dube ni ya ce, "Haƙuri za ka yi Malam, kwananta ne ya ƙare."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kwananta bai ƙare don kansa ba, ƙarar da shi aka yi, kuma akwai waɗanda suka ƙarar. Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne da ya soma sana'arsa da gyaran rediyo tun kafin a haife ni. Ya dubi gawar kwamfutar da madubin ƙara girma, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, abin da aka yi maka shi ne abin da a ke yi wa ramammen sa ranar kasuwa, a ba shi kanwa ya sha ruwa cikinsa ya cika. Mai saye ya ga ƙiba, in ya kai gida ya ga ƙashi." Daga nan na shiga bin diddigin abin, ga kuwa abin da na samo.

A cikin kwamfutar tebur, na'urar da ke zana duk abin da ido ke gani a fuska, watau katin girafik, kati ne sosai mai zaman kansa. In ya lalace sai a kwance ƙusa ɗaya ko biyu, a zare shi, a cusa wani, kamar yadda a ke canja batirin tocila. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa sunan kati kawai ya rage. Ko dai an haɗa aikin zanen cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta, ko kuma an ɗora wani guntun abu daban a kan babban allo, wanda masu gyara ke kira bod, an liƙe shi da dalma liƙewar da ba a yi don a ɓamɓare ba.

Shi wannan guntun abu bene ne mai hawa biyu. A hawan sama akwai ɗan ƙyallen silikon mai sheƙi, bai fi farcen babban yatsa ba, shi ne mai aikin. Yana zaune bisa wani ɗan faifai, an haɗa su da ɗigo-ɗigon ƙarfe waɗanda ido ba ya rarrabewa, an tsiyaya wani irin gam a tsakaninsu ya riƙe. A hawan ƙasa kuma, shi faifan yana zaune bisa babban allo a kan ɗaruruwan ƙwallayen dalma ƙanana kamar ƙwayar gero. Duk sa'ad da kwamfuta ke aiki abin nan yakan yi zafi ya buɗa, in an kashe ya huce ya tsuke. Silikon da faifai da gam kuwa ba sa buɗawa daidai da juna, kowa da gwargwadonsa. Kowa ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san ƙarshen wannan labari. Yau da gobe sai ɗaya daga cikin mahaɗan nan ya tsage, wuta ta kasa wucewa, hoto ya watse.

To, me bulowa ke yi? Zafinta yakan sa abubuwan su motsa kaɗan, bakin tsagar ya sake haɗuwa, wuta ta wuce. Tsagar tana nan inda ta ke, gam ɗin da ya gaji bai sabunta ba, sai ma ƙara gajiya da ya yi. Shi ya sa kowane gashi ya fi na bayansa gajeren kwana, kamar yadda na gani da idona. Bugu da ƙari, tun da Tarayyar Turai ta hana amfani da darma a yawancin kayan lantarki daga ranar 1 ga Yuli 2006, abin liƙin da a ke amfani da shi, haɗin kuza da azurfa da tagulla, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217, alhali na dā yana narkewa a digiri 183. Mai riƙe da bulowa a hannu ba shi da ma'aunin da zai gaya masa inda ya kai. In bai kai ba, bai narkar da kome ba. In ya wuce, ya ƙone maƙwabta, ya lanƙwasa allon. Akwai gyara na ainihi, wanda a ke ɗaga abin gaba ɗaya da injin da ke auna zafi sama da ƙasa, a share wurin, a dasa sababbin ƙwallaye. Amma ko shi ma, in tsagar a hawan sama ta ke, aikin banza ne, domin an gyara harsashi ne alhali rufi ke yoyo. Magani ɗaya shi ne a sa sabon abu lafiyayye, ko a canja allon ɗungurungum.

Kada wani ya ce wannan zance ne na ɗalibin da aka cuta yana huce haushi. Abin ya taɓa faruwa a gaban duniya, kuma yana rubuce. A watan Yuli na 2008 kamfanin Nvidia na Amurka, wanda ke cikin manyan masu ƙera irin wannan na'ura, ya fito ya amsa cewa waɗansu daga cikin kayan da ya sayar wa masu haɗa kwamfutoci suna mutuwa fiye da ƙima, saboda raunin abubuwan da aka haɗa su da su. Ya ware dala miliyan 196 a wannan zango domin ɗaukar nauyin ɓarnar. Abin ya shafi kwamfutocin Dell da HP da Apple. Waɗansu kamfanonin suka fitar da sabon umarni da ke sa fanka ta riƙa juyawa fiye da dā, watau a rage zafi a jinkirta mutuwa. Apple ya amsa a watan Oktoba na 2008 cewa MacBook Pro mai ɗauke da GeForce 8600M GT na cikin waɗanda abin ya taɓa, ya ce zai gyara kyauta. Masu saye a Amurka suka haɗu suka kai ƙara, aka sasanta a 2010. Ba a daɗe ba kuma sai ga MacBook Pro na 2011, mai ɗauke da na'urar AMD, ya shiga irin wannan hali. Mutane suka yi ta kuka shekara da shekaru, aka shigar da ƙara a 2014, sai a watan Fabrairu na 2015 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta, ya rufe shi a ƙarshen 2016.

Ku lura da abu biyu cikin wannan tarihi. Na ɗaya, a can ba wanda ya yarda aka ce masa kwanan kwamfutarsa ne ya ƙare. Sun tsaya, sun tara hujja, sun tilasta wa masu ƙarfi biya. Na biyu, duk wannan gata na mai rasit ne, wanda ke kusa da shagon kamfani, kuma ya zo cikin wa'adi. Wadda wa'adinta ya wuce, ko maigidanta ya gaji da ita, ina ta ke zuwa? Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga cikinsa a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 aƙalla tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya kowace shekara, mafi yawa daga tashoshin Turai, kuma wani kaso nasu matattu ne tun daga can. Ban ce duk kayan gwanjo ruɓaɓɓu ne ba. Da yawa daga cikinsu sun fi sababbin da a ke sayarwa ƙarko, kuma ba don su ba da ɗan talaka bai taɓa kwamfuta ba. Amma cikin garken akwai masu ciwon, kuma bulowa ita ce kanwar da a ke ba su kafin a kai su gaban mai saye.

Saboda haka ƙarata ta farko a kan dillalin da ya san an gasa kwamfuta, ya goge ta, ya jera, ya rantse. Wannan algus ne, ba shi da wani suna. Kakanninmu da ke cinikin dabbobi a kara sun san cewa in an ɓoye aibi, mai saye yana da ikon mayarwa, malaman fiƙihu kuma sun yi wa wannan babi guda. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta wajabta wa mai sayar da kayan da aka taɓa amfani da su ko aka sake gyarawa ya bayyana haka a fili. Don me abin da a ke jin kunyar yi da akuya za a yi shi da kwamfuta ba ko gezau? Don mai saye ba ya iya buɗe bakinta ya duba haƙora, shi ke nan.

Ƙarata ta biyu a kan mai gyaran da ke karɓar kuɗin gyara ya yi gashi. Na san abin da za a ce, kuma ban raina shi ba. Za a ce shi ma talaka ne, injin ainihi ya fi ƙarfin jarinsa, wutar da zai kunna shi ma sai ya sayi mai, sa'an nan mu ɗalibai mu ne masu zuwa da kuɗin cefane mu ce a yi mana abin al'ajabi. Duk gaskiya ne. Har ma zan ƙara masa hujja: gashi yana da ranarsa. Ɗalibin da saura mako guda ya miƙa kundinsa, ba shi da kuɗin allo, in aka farfaɗo masa da kwamfuta ta kwana goma an yi masa alheri babba. Amma sharaɗin alherin shi ne a gaya masa. Da mutumin nan ya ce mini, "Malam, zan tashe ta, amma ba za ta daɗe ba, ka kwashe aikinka ka fara tara kuɗi," da ya karɓi ladan aikinsa halal, da har yau ina gaishe shi. Talauci yana hana mutum sayen inji, ba ya hana shi faɗin gaskiya. Kuma ku tuna ya ga alamar gashin farko tun da ya buɗe ta, ya faɗa wa yaronsa, ya ɓoye wa mai kaya.

Ƙarata ta uku, wadda ta fi nauyi, a kan masu ƙera kwamfutocin ne. Sun ce dole ne a liƙe kome domin kwamfuta ta yi siriri ta yi sauƙin ɗauka, wai haka masu saye ke so. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin mazaunin da a ke zarewa yana cin wuri. Amma kada a ce mana ba shi yiwuwa. Tun 2004 Nvidia da kansa ya fito da tsarin da a ke kira MXM, wanda katin girafik na tafi-da-gidanka ke zama kati mai zaruwa, aka kuwa yi amfani da shi cikin manyan kwamfutoci masu tsada, yawancin talakawan kwamfutoci ba su gan shi ba. A farkon 2024 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Framework ya fara aika wa masu saye da kwamfuta mai inci 16 wadda mai ita zai iya zare sashen girafik da kansa ya sa wani. Ashe ana iyawa. Abin da ya hana shi ne lissafi: in guntun abu ɗaya ya mutu ya tafi da allo gaba ɗaya, allon kuma kuɗinsa ya kusa na sabuwar kwamfuta, to, mai kaya zai koma shago. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Faransa ta ga haka, daga watan Janairu na 2021 ta tilasta a liƙa maki daga cikin 10 a jikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da waɗansu kayayyaki, mai nuna sauƙin gyaransu, domin mai saye ya gani kafin ya biya. Mu da muka fi su buƙatar gyara, ina namu makin?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ɗalibai muna da namu kason. Ku shiga ɗakunan kwananmu ku gani. Kwamfuta a kan katifa, ko bisa matashin kai, ƙofofin shan iskarta a toshe, ana kallon fim tun bayan isha'i har asuba, cikin bazarar da zafi kan wuce digiri 40. Hunturu ya zo ya cika fanka da ƙura har ta zama kamar auduga, ba mai buɗewa ya share. Farin man nan da a ke shafawa tsakanin na'ura da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe shekara da shekaru, ba mai sakewa. Zafi shi ne mai kashe wannan na'ura, mu kuma mu ne masu ƙara masa itace. Sa'an nan ga son araha da son girma a haɗe: ɗalibin da aikinsa bai wuce buga rubutu da sauraren hira ba sai ya dage sai mai girafik na daban, domin a ce tasa ta fi ta wane. Ni ma haka na yi. Da na sayi wadda ba ta da wannan ƙarin, da ban sayi ciwon ba.

To, jama'a, mene ne abin yi? Ba na son in yi kuka in tashi. Ga abin da na koya da kuɗin tumakin mahaifiyata, na ba ku kyauta. In fuskar kwamfutarka ta fara zane ko ta yi baƙi, kada ka yarda da kalmar girafik daga bakin farko. A jona ta da talabijin ko wata fuskar daban. In hoto ya fito sarai a can, to, na'urar lafiya ta ke, fuskar ce ko igiyar da ke bi ta cikin mahaɗin murfi ta lalace, wannan kuwa ƙaramin aiki ne. A gwada sake zuba manhajar da ke tuƙa na'urar, domin ita ma takan kawo irin wannan rikici. In an tabbatar na'urar ce, a tambaya ko kwamfutar tana da mai zane na biyu cikin ƙwaƙwalwarta, domin a waɗansu a kan iya kashe matacciyar a ci gaba da wancan, kamar yadda masu MacBook Pro na 2011 da yawa suka yi. In ba haka, a nemi allo na irinta daga wata da ta mutu ta wani fannin, a auna kuɗinsa da na wata kwamfutar. Kafin kowa ya kusanto ta da wuta, a cire rumbun ajiyarta in mai ciruwa ne, domin mutuwar hoto ba ta taɓa abin da ke cikinsa. Ta nan ne ni na tsira da muryoyin tsofaffin nan, waɗanda ɗaya daga cikinsu ta riga mu gidan gaskiya, ba kuwa za a sake jin waƙarta daga bakinta ba. Duk sa'ad da na tuna cewa sau uku aka hura wuta kusa da wannan amana, sai gabana ya faɗi.

In kuwa saye za ka yi, kada kunya ta hana ka cewa a buɗe a gabanka. Dubi kewayen na'urar, in ka ga allon ya canja launi, ko wani busasshen abu mai danƙo kamar ƙaro a gefenta, ka ajiye ka yi sallama. A bar ta ta yi aiki mai nauyi na awa guda kana zaune. A rubuta maka rasit da wa'adin mayarwa, ba "Allah Ya kiyaye" da baki kawai ba. Mai kaya mai gaskiya ba zai ƙi ba, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Daga ƙarshe ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da malamanmu na sashen injiniya da na kimiyyar kwamfuta. Jami'ar da ke koyar da lantarki bai kamata ɗalibanta su riƙa kai kayan karatunsu ga mai babbaka ba. A buɗe ɗan ɗaki guda, ko da sau ɗaya a mako, inda 'yan'uwanmu masu wannan fanni za su duba wa ɗalibi kwamfutarsa, su share fanka, su gaya masa gaskiyar ciwon kafin ya fita kasuwa. Su sun sami wurin gwaji, mu mun sami mafaka. Ina kuma kira ga shugabannin masu gyara da dillalai a kasuwanninmu, waɗanda na san akwai mutanen kirki da yawa cikinsu irin dattijon nan, su sa doka a tsakaninsu cewa duk kwamfutar da aka gasa a faɗa, ko wajen gyara ko wajen sayarwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ga na yi kuskure cikin abin da na faɗa, filin mujallar nan a buɗe ya ke, ya zo da hujjarsa a fitowa ta gaba, zan karanta da hannu biyu.

Allah Ya ba mu masu sana'a masu tsoronSa, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da iyaye suka sha wahala suka saya mana. Wassalam.